A-kori-kura Cikin Taɓo: Gwaninta ko Ganganci?

Wannan shi ne jawabin da aka gabatar a filinmu na direbobi da matafiya, kamar yadda ya fita a iska, sai ɗan gyara domin masu karatu.

 

Yau maganar taɓo za mu yi. Na san wani zai yi dariya ya ce, Malam, taɓo kuma a Sabha? Garin da akan shekara ba a ga ruwan kirki ba? Yana da gaskiya. In aka haɗa lissafin shekaru da yawa, ruwan da ke sauka a Sabha a shekara guda bai kai milimita 20 ba. Kano takan samu fiye da haka a ruwan la'asar ɗaya na watan Agusta. Amma duk wanda yake Sabha a watan Satumba na 2024 ya san inda na dosa. A shekarar damina ta hauro arewa fiye da yadda aka saba. A watan ne tsohon masallacin Damagaram ya rushe, a watan ne madatsar ruwan Alau ta ɓalle ta mamaye Maiduguri. Mu ma a Sabha aka sheƙa ruwa irin wanda tsofaffi suka ce sun daɗe ba su gani ba. Tituna suka zama gulbi, gidaje suka lalace, wuta ta ɗauke, aka rasa rayuka.

Ni aikin gareji ya zaunar da ni garin nan, kuma abin da zan faɗa na gan shi da idona. Ruwa bai gama janyewa ba sai ga samari sun fito da motocinsu, Hilux da Land Cruiser da Tundra, irin a-kori-kuran nan da kowa ya sani. Wani ya nufi fili bayan gari inda ƙasa ta jiƙe ta zama caɓi, yana juya mota tana watsa laka sama, abokansa suna tafi suna ɗauka a waya. Wani kuwa cikin unguwa ya shiga, ya taka totur cikin ruwan da ya kwanta a layi. A layinmu akwai ɗakin haya da wasu 'yan ƙwadago daga Nijar suke kwana. Sun kwana suna kwalfe ruwa da bokiti, sun tare ƙofa da buhunan yashi. Mota ɗaya ta wuce da gudu, igiyar ruwan da ta tura ta tsallake buhunan, ta koma musu ɗaki. Katifu da garin tuwo da takardun wani duk suka jiƙe. Direban bai ma san ya yi ba, don bai waiwaya ba.

Washegari kuma, irin waɗannan motocin ne, wataƙila ma har da waccan, na gani suna jawo ƙananan motocin da suka kafe, suna kwaso tsofaffi da yara daga gidajen da ruwa ya ci, suna kai marasa lafiya asibiti a lokacin da ƙaramar mota ba ta iya motsi. Mutanen da suka yi musu Allah ya isa jiya, yau suna sa musu albarka. To wannan ne ya sa na ce maganar ta isa a zauna a yi ta a tsanake.

Kafin mu zargi yaran nan, mu fara sanin matsayin a-kori-kura a ƙasar Fezzan. Tun zamanin kakanni yankin nan mashiga ce. Ayarin raƙuma kan taso daga Borno ya bi ta Bilma ya iso Murzuk, wani ya taso daga Kano ya bi ta Agadas ya iso Gat, daga nan a wuce Tarabulus. Shi ya sa har yau za ka ji Hausa a bakin mutanen Gat. Abin da raƙumi yake yi jiya, shi Toyota take yi yau. Daga Agadas zuwa Dirku, daga Dirku zuwa Madama da Tummo, a shigo Gatrun, a ƙarasa Sabha, tafiya ce ta kwana uku ko fiye, kuma mafi yawanta babu kwalta. A bayan Hilux ɗaya akan jera mutum ashirin da wani abu, ƙafafu a waje, kowa riƙe da sandar da aka kafa masa, ga jarkokin ruwa da na mai. Ran duk waɗannan mutane yana hannun Allah, sannan yana hannun mutum ɗaya da ke riƙe da sitiyari.

Kowa a hanyar nan ya san abin da kan faru in mota ta mutu a inda babu kowa. A watan Oktoba na 2013 an tsinci gawarwakin mutum 92, yawancinsu mata da yara daga yankin Kance na jihar Damagaram, a arewa da Arlit kusa da iyakar Aljeriya. Motocinsu ne suka lalace, ƙishirwa ta ƙarasa su. Bayan Nijar ta kafa dokar hana safarar baƙin haure a 2015, aka riƙa kama direbobi ana ƙwace motoci, da yawa suka bar hanyar da aka sani da rijiyoyinta suka koma yankan daji. An soke dokar a watan Nuwamba na 2023, amma a waɗancan shekaru iya tuƙi a inda babu hanya ya ƙara daraja. Yaron da ya tashi a Sabha ko Gatrun ko Ubari, gwarzon da yake ji ana labari a majalisa shi ne direban da ya hau tudun rairayi da lodi bai kafe ba. Don me zai ƙi son ya gwada kansa?

Akwai kuma tarihin da ya ƙara wa motar suna. A 1987 sojojin Cadi, ƙarƙashin Hassan Jamus, sun fatattaki rundunar Libiya mai tankoki a Fada da Wadi Dum, su kuwa a kan a-kori-kuran Toyota suke. Har yau ana kiran wannan yaƙi Yaƙin Toyota. Sannan ga tseren Paris zuwa Dakar, wanda a ƙarshen shekarun 1980 da farkon 1990 ya riƙa ratsa Libiya, ya yada zango a Sabha kafin ya gangara kudu. Dattawan garin suna tuna ranakun da Turawa suka cika filin jirgi da motocin tsere. Yau tseren ya koma Saudiyya tun 2020, amma sha'awar ta zauna. Ranar Juma'a da yamma ka fita wajen tudun rairayin da ke hanyar Ubari, za ka tarar da motoci suna hawa suna gangarowa, iyalai sun shimfiɗa darduma suna kallo.

To rairayi sun san shi. Taɓo ne baƙo a wurinsu, kuma nan ne matsalar take. Bari in yi magana a matsayin bakanike.

A rairayi dabara sananniya ce. Ka rage iskar taya kusan rabi domin tayar ta baje ta hau saman yashi, ka sa giyar da ke jan ƙafa huɗu, ka riƙe gudu daidai, kada ka taka birki da ƙarfi, kada ka karya sitiyari farat ɗaya. In ka kafe, ka sauka ka tona da shebur, ka shimfiɗa farantan ƙarfen nan a gaban tayoyi, ka fita. Yashi busasshe ne, in ka tone shi ya saki mota.

Laka ba haka take ba. Da zarar taya ta shige ta, sai ta cike duk zanen tayar, tayar ta koma sumul kamar ƙwarya. Direba ya ji mota ba ta tafiya, sai ya ƙara wuta. Tayoyi su yi ta juyawa a wuri ɗaya suna haƙa rami, har cikin motar ya zauna a ƙasa. Daga nan komai ƙarfin injin, aikin banza ne, don nauyin motar ya bar kan tayoyi. Kuma laka tana riƙe abu, tana tsotsarsa. Motar da mutum huɗu za su tura a yashi, a laka sai an nemo wata motar, wani lokaci biyu.

Mafi hatsari a yankinmu shi ne abin da Larabawa ke kira sabka, wato fili mai gishiri. Daga nesa za ka gan shi fari fat, a shimfiɗe kamar an yi masa daɓe, har ka ce ga wurin gudu. Ɓawon gishiri ne kawai a sama. A ƙarƙashinsa laka ce mai ruwa, wadda ko da rani ba ta gama bushewa, balle bayan ruwan sama. Tsofaffin direbobi ba sa ratsa sabka sai a kan sawun da wasu suka riga suka bi, in ma babu sawu sai su kewaye ko da zai ƙara musu awa guda. Wani sai ya sauka ya taka da ƙafa, ya soka sanda ya ga zurfi. Yaro mai sabuwar mota yana ganin wannan tsoro ne. Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba.

Sai maganar ruwa da injin. Injin mota iska yake shaƙa ya matse ta a cikin silinda. Iska tana matsuwa, ruwa ba ya matsuwa. In hancin da injin ke shaƙar iska ya nutse, ko igiyar ruwan da motar ta tura da kanta ta dawo ta shige shi, kofi ɗaya ya isa ya lanƙwasa ƙarfen da ke riƙe fistin, injin ya tsaya cak. Injin dizal ya fi saurin cutuwa, saboda matsinsa ya fi ƙarfi. Shi ya sa kuke ganin bututun nan da ake ɗagawa ta gefen gilashi har saman rufi. Amma bututun injin kaɗai yake karewa. Ruwa yana shiga akwatin giya da na ƙafafun baya ta 'yan hujojin numfashinsu, man ciki ya koma fari kamar nono. Laka tana toshe lagireto mota ta riƙa zafi. Birki in ya jiƙe ba ya kamawa sai ya bushe. Gishirin sabka kuwa in ya maƙale a ƙarƙashin mota ba a wanke ba, tsatsa ce za ta ci shasi a hankali. A makonnin da suka biyo bayan ruwan nan, motocin da aka jawo mana gareji da injin a mace sun fi ƙarfin hannunmu. In mota ta mutu cikin ruwa, don Allah kada ka sake murza makulli. A jawo ta, a fitar da ruwan tukuna. Murzawa ta biyu ita ce kan mai da ƙaramin gyara ya zama sayen sabon injin.

Ruwa mai gudu kuma ba abin wasa ba ne. Masana yanayi a Amurka suna gargaɗin cewa ruwa mai gudu da zurfinsa ya kai santimita 30 yana iya ɗaukar ƙaramar mota, na santimita 60 kuwa yana tafiya da a-kori-kura. A hamada ƙasa ba ta shan ruwa da sauri. Ana iya yin ruwa a kan duwatsu nesa, kai kana cikin rana, sai kori ya cika ya taho. Mutanen Gat sun ga haka a watan Yuni na 2019, lokacin da ambaliya ta raba dubban mutane da gidajensu. Abin da ya faru a Darna a Satumba na 2023, inda madatsun ruwa biyu suka ɓalle dubbai suka mutu, ba sai na tuna wa kowa ba.

Abu na ƙarshe a ɓangaren sana'a shi ne igiyar ja. Nan ne 'yan kallo suke shiga hatsari. Mota ta kafe, a ɗaura mata igiya, ɗayar motar ta ja da baya ta fizga da gudu. In igiyar ta tsinke, ko ƙarfen da aka maƙala ta ya ɓalle, yana tashi kamar harsashi. Ƙwallon ƙarfen nan na bayan mota da ake jan tirela da shi, ba a yi shi don fizga ba, kuma ya kashe mutane a ƙasashe da yawa. A ɗaura igiya a wurin da aka tanada a jikin shasi, a jefa bargo ko buhu a tsakiyarta domin in ta tsinke ta faɗi ƙasa, a kori yara su yi nisa.

Yanzu mu dawo kan yadda jama'a suke kallon abin. Na zauna da mutane iri-iri, kuma kowa da inda takalmin yake matsa masa.

Samarin da kansu suna cewa, ina za mu je? Garin babu wuraren shaƙatawa na kirki, aiki ya yi wuya, shekarun rikici sun cinye ƙuruciyar da yawansu. Wanda ya fita fili ya juya mota ya dawo gida, ai ya fi wanda ya ɗauki bindiga ko ƙwaya. Suna kuma cewa a wurin wasan ne mutum yake sanin halin motarsa, ya san inda take zamewa da inda take kamawa, ranar da ta ɓaci ya san abin yi. Wannan magana tana da ƙamshin gaskiya. Waɗanda suka yi aikin ceto a ranar ambaliya, ba a aji suka koyi shiga ruwa ba.

Tsofaffin direbobin sahara kuwa ba sa tafi. Wani dattijo da ya yi shekaru yana bin hanyar Dirku ya ce mini shi a wurinsa gwani shi ne wanda ya kai fasinja lafiya, ya dawo da mota lafiya, ba wanda ya san ya sha wahala. A ganinsu mota dukiya ce kuma abokiyar tafiya, kamar yadda Buzu yake ɗaukar raƙuminsa. Wanda ya jefa ta cikin laka da gangan don a yi masa tafi, ko dai ba da guminsa ya saya ba, ko bai taɓa kwana a Tenere da mataccen injin ba. Sannu ba ta hana zuwa, in ji su, sai dai a daɗe ba a je ba.

Masu gidaje da masu shaguna nasu ƙorafin a fili yake. Sabha ba a gina ta da tunanin ruwan sama ba. Magudanai kaɗan ne, kuma in ruwa ya yi yawa yana gauraya da na ƙazanta. Tsofaffin unguwanni da unguwannin talakawa irin su Tayuri, inda gine-gine ba su da ƙarfi, su suka fi jin jiki. Katangar da ta sha ruwa ta yi laushi, igiyar ruwa ɗaya tana iya ƙarasa ta. Ga wayoyin lantarki da suka faɗo cikin ruwa. Ga ramukan da tayoyi suke bari, waɗanda in sun bushe sukan zama gargada wata da watanni, mai ƙaramar mota da mai baro su yi ta fama. Masu gonaki a bayan gari su ma suna kuka, domin bututun ban-ruwa a kwance suke a ƙasa, mota ɗaya ta bi ta kansu ta jawo asarar da ba ta san ta yi ba.

Akwai masu kallon abin ta fuskar mai. A hukumance litar fetur a Libiya dirhami 150 ce, tana cikin mafi araha a duniya. Amma mu a kudu mun san sau nawa gidajen mai suke rufe, mun san layin da ake kwana a ciki, mun san farashin 'yan bumburutu da ya ninka na hukuma sau da yawa. A watan Janairu na 2024 mutanen Fezzan sun rufe rijiyoyin mai na Sharara da ke kusa da Ubari, kuma ƙarancin mai yana cikin manyan koke-kokensu. To mutumin da ya yini a layi bai samu lita ashirin ba, ya dawo ya ga wani yana ƙona tanki guda a cikin laka, kun san abin da zai ji a ransa.

Sannan akwai wani abu da baƙo ba zai gane ba sai ya zauna a garin. Tun 2011 a-kori-kura ta samu wata fuska ta biyu. Ita ce motar da ake girka wa babbar bindigar nan da 'yan Libiya ke kira arba'atash wa nus. A watan Maris na 2012 faɗan ƙabilanci a Sabha ya ci fiye da mutum 100, aka sake wani a Janairu na 2014. Matar da ta kwana a ƙarƙashin gado da 'ya'yanta a waɗancan ranaku, in ta ji rurin injin da ƙarar taya a layinsu da dare, ba wasa take ji ba. Gabanta ne yake faɗuwa. Mota mai baƙin gilashi marar lamba, ba wanda ya san ko ta ɗan maƙwabci ce ko ta wasu. Shi ya sa mutane da yawa ba sa fitowa su yi magana ko an watsa musu laka. Kada direba ya ɗauka shirun nan yarda ce.

Mu kuma baƙi, 'yan Nijar da 'yan Najeriya da 'yan Cadi da ke neman abinci a nan, mu ne muka fi tafiya a ƙasa, mu ne a bakin titi muna jiran mai ɗaukar lebura. In an watsa wa ɗayanmu laka, sai ya goge ya yi shiru, don ya san matsayinsa. Ina roƙon 'yan'uwanmu masu gari da ke jin Hausa, kuma na san suna da yawa, su isar da wannan ga 'ya'yansu. Kuma kada mu ma mu wanke kanmu. Wasan mota da ake yi a bukukuwan aure a Kano da Katsina da Maraɗi, wanda ya sha kashe 'yan kallo, da shi da wannan uwarsu ɗaya ubansu ɗaya.

Wani zai ce to a bar gari, a tafi can cikin sahara inda babu kowa. Ko a can ma akwai haƙƙi. Kun san labarin bishiyar Tenere, bishiyar ƙaya guda ɗaya tilo da ta tsaya a hanyar ayarin gishiri tsakanin Agadas da Bilma, babu wata kusa da ita tafiyar fiye da kilomita 100. Ayari bayan ayari suka wuce ba wanda ya karya reshenta ya dafa shayi. A 1973 wani direban babbar mota ya banke ta. Gangar jikinta tana gidan tarihi na Yamai, a wurinta kuma an kafa ta ƙarfe. Fili iya ganinka, amma sai da ya samu abu ɗayan da bai kamata ya taɓa ba. A nan Fezzan muna da duwatsun Akakus kusa da Gat, masu zanen mutanen da na dubban shekaru, waɗanda hukumar UNESCO ta sa cikin kayan tarihin duniya a 1985. Muna da tafkunan Ubari irin su Gabar'aun da Ummul Ma. A filin tsakuwa sawun taya yana iya shekaru bai goge ba. 'Yar ciyawar da ke fitowa bayan ruwa kuwa, ita makiyayi yake jira shekara da shekaru don raƙumansa da awakinsa.

Akwai kuma haɗarin sawu. A hamada sawun mota shi ne alamar hanya. In masu wasa suka cika wuri da sawu ta ko'ina, direban da bai ƙware ba yana iya bin wanda ba ya zuwa ko'ina, da mutum ashirin a bayansa.

To mene ne mafita? Ni ban ce a hana ba, don ko an hana ba za a hanu ba. Mu dubi yadda kakanninmu suka yi da doki. Sukuwa gwaninta ce, kuma har gobe ana taruwa a kalle ta a hawan Sallah a Kano da Katsina da Zariya. Amma tana da filinta a ƙofar fada, tana da ranarta, akwai dogarai masu tare jama'a. Wanda ya saki doki a guje cikin kasuwa, ba wanda zai kira shi barde. A Amurka ma, inda wasan a-kori-kura cikin laka ya zama gasa, rami ake haƙawa a keɓaɓɓen fili a cika shi da ruwa, a kafa shinge, 'yan kallo su tsaya a bayansa. Hukumar gari da dattawan unguwanni da ƙungiyoyin masu motocin sahara za su iya keɓe fili a wajen Sabha, nesa da gonaki da gidaje. Su kansu samarin, in aka ba su girma aka ce su ne rundunar ceto ranar ambaliya, aka rubuta sunayensu, aka koya musu taimakon farko, za ku ga sun fara hana junansu shiga unguwa da gudu.

Kafin a kai ga haka, ga abin da kowane direba zai iya yi daga yau. In ka shiga layin da ruwa ya kwanta, ka sa giya ta ɗaya ka tafi kamar mai tafiya a ƙasa, ka duba madubi ka ga inda ruwanka yake zuwa. In ka ga buhunan yashi a ƙofar gida, ka san mutanen ciki ba su yi barci ba. Kada ka ɗauki yara a bayan mota ka je wasa. Kada ka je sabka ko kori kai kaɗai, ku tafi mota biyu, da shebur da igiya mai kyau da ruwan sha, kuma wani a gida ya san inda kuka nufa. In ka yi wa wani ɓarna, ka tsaya ka sauko ka ba da haƙuri, ka biya abin da ya lalace. Mun taso muna ji daga malamai cewa kawar da abin cutarwa daga hanya sadaka ne, to ina ga wanda ya zama shi ne abin cutarwar?

Waɗancan 'yan ƙwadago na layinmu, da rana ta fito sun shanya katifunsu a kan katanga, muka haɗa musu abin da ya samu. Wanda takardunsa suka jiƙe ya yi wata biyu yana zirga-zirga kafin ya samu wasu. Har yau in ya ji rurin Land Cruiser a layi sai ya tashi ya leƙa.

Lokaci ya yi mana halinsa. A mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu yi magana a kan ruwan sha a tafiyar sahara, nawa ya kamata kowane fasinja ya riƙe, da abin da za a yi in mota ta tsaya. Direbobinmu na hanyar Agadas da Dirku da Gatrun, Allah ya kai ku lafiya ya dawo da ku lafiya. Waɗanda suka rasu a hanya da waɗanda ambaliya ta ci, Allah ya jiƙansu. Sai mun sake saduwa, wassalamu alaikum.